Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓen Kayan Lantarki Tun Farkon Ƙirar Na'ura

Wannan shafi na waɗanda suka wuce matakin haɗa na'ura ɗaya a kan tebur ne, suna son su fitar da ɗari ko dubu su sayar: mitar sola, na'urar bin sawun abin hawa, makunnin famfon ban-ruwa, caja, inbata da makamantansu. Duk kayan da ka ɗora a zane, ka ɗauke shi ne tare da mai sayar da shi, da shekarun da suka rage masa a kasuwa, da hannun da zai liƙa shi, da zafin da zai zauna a ciki. Yawancin tambayoyin da ke ƙasa daga nan suka samo tushe.

Me ya sa za a damu da zaɓen kaya tun ba a zana allo ba? Ai ana iya canzawa daga baya.

Ana iya canzawa, sai dai kuɗin canjin yana ninkuwa a kowane mataki. Ranar da kake zanen da'ira a kwamfuta, sauya ayisi (IC, ɗan kayan da aka cusa da'ira gaba ɗaya a cikinsa) aikin 'yan mintoci ne. Bayan an buga allon, sauyi yana nufin sabon zane, sabon bugu, da makonnin jiran kaya daga Shenzhen ta ƙasar Sin. Idan kuma an riga an rubuta manhajar ciki, an yanka akwati daidai da inda soket yake, an kai na'urar gwajin hukuma, to ɗan kaya guda yana iya jawo a sake dukkansu. Wanda ya fi ciwo shi ne canjin da ake yi bayan na'ura ta shiga hannun jama'a, domin nan har da kuɗin mota zuwa ƙauyen da aka kafa ta, ga kuma sunan da ya riga ya ɓaci.

Da wane kaya ya kamata in fara?

Da waɗanda ba su da madadi: maikurokontirola (ƙwaƙwalwar na'urar), kayan sadarwa irin su modem da Wi-Fi, sansa, sikirin, da ayisin da ke sarrafa wuta. Su ne ke yanke girman allo, da bolt nawa za a bi, da manhajar da za a rubuta. Razista da ƙananan kafasita kuwa kamfanoni da dama suna yin su iri ɗaya, ba sa hana kowa barci sai a lokutan tsananin ƙaranci. Na sha ganin masu farawa sun ɓata kwanaki wajen zaɓen launin ɗan fitila, alhali ƙwaƙwalwar na'urar sun ɗauke ta ne kawai don ita suka gani a wani bidiyo.

Na haɗa a tebur ya yi aiki lafiya. Ba shi ke nan ba?

Guda ɗaya ka gwada, a ɗaki mai fanka, da wuta mai kyau. Takardar bayanan kaya tana ba da alƙaluma uku: mafi ƙanƙanta, wanda aka saba gani, da mafi girma. Na tsakiyan ba alkawari ba ne, kamfani ba ya ɗaukar alhakinsa. Na gefe biyun su ne abin da ya tsaya maka a kai, kuma da su ake lissafi. Dubi PC817, ɗan kayan da ke raba da'ira biyu ta hanyar haske: yawan wutar da yake miƙawa yana iya kamawa daga kashi 50 har zuwa 600 cikin ɗari, gwargwadon ajin da ka saya. Wanda ke tebur ɗinka wataƙila mai ƙarfi ne, na cikin kwalin da za a kawo maka gobe kuma rarrauna.

Akwai kuma teburin da ake rubuta wa Absolute Maximum Ratings. Mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin iyakar aiki, alhali iyakar lalacewa ce. Inda aka yarda ka yi aiki yana wani tebur ɗin dabam, a ƙasa da shi. Sannan ka nemi takardar kurakurai da kamfanin ke fitarwa dabam, wadda ake kira errata. Babu babbar maikurokontirola da ba ta da ita, kuma a nan ne za ka ga an rubuta cewa sashen da ka dogara da shi yana maƙalewa a wani yanayi. Wasu abubuwan ma suna cikin takardar asali, karatu ne kawai ba a yi ba: a maikurokontirolar ESP32 ta farko, ƙafafu 34 zuwa 39 karɓa kawai suke yi, ba sa fitarwa, kuma rukuni na biyu na ma'aunin bolt ba ya samuwa yayin da Wi-Fi ke kunne. Wanda ya gano haka bayan an buga allo sai ya koma yanka layi da reza yana jan waya.

Yaya zafin ƙasarmu yake shafar zaɓi?

Sosai, kuma nan ne zanen da aka kwafo daga intanet ya fi ba mutane kunya. Kusan duk alƙaluman takardun bayanai a digiri 25 aka auna su. A Sakkwato, Maiduguri, Yamai ko Damagaram, cikin Afrilu da Mayu, inuwa kanta tana haura digiri 40. Rufaffen akwati da rana ke duka, ko wanda aka kafa ƙarƙashin kwano, ba abin mamaki ba ne cikinsa ya kai 60 ko 70 tun kayan ba su ƙara nasu zafin ba. Kayan ajin kasuwanci iyakarsu digiri 0 zuwa 70. Na masana'antu daga 40 ƙasa da sifiri zuwa 85. Na motoci akwai masu kai wa 125. Duk abin da zai zauna a waje, na masana'antu shi ne mafari.

Wanda zafi ya fi ci shi ne kafasita mai ruwa, wannan mai kama da ɗan gwangwani. Ƙa'idar da ake aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu, duk ragin digiri 10 kuma yana ninka ta. Ɗauki biyu, dukkansu an rubuta musu awa 2,000, ɗaya a digiri 85, ɗaya a 105, ka sa su a akwatin da cikinsa yake 65. Na farkon zai yi wajen awa 8,000, bai cika shekara ba ke nan idan na'urar ba ta hutawa. Na biyun zai yi wajen 32,000, shekara uku da rabi da 'yan kai. Bambancin kuɗinsu ɗan kaɗan ne. Duk mai gyaran da ya taɓa buɗe caja ya tarar da kan kafasita ya kumbura, da ɗan ruwa mai ƙasa-ƙasa ya bushe a bakin tsagar, ya ga wannan lissafi da idonsa.

Na biyu shi ne regileta, mai rage bolt ya daidaita shi, irin su 7805 da AMS1117. Su ba sa rage bolt da dabara, ƙona rarar suke yi ta zama zafi. Idan ka ba 7805 bolt 12 kana jan rabin amfiya, wat 2.5 ne ke isa ga da'irarka, wat 3.5 kuma yana tafiya a zafi. Batirin sola da ake kira mai bolt 12 yakan kai 14.4 lokacin caji, zafin ya koma wat 4.7. Ba tare da ƙarfen sanyaya ba, zai yi ta kashe kansa yana kunnawa, allon da ke ƙarƙashinsa ya yi duhu. Inda tazarar bolt take da yawa, regileta mai kunnawa da kashewa da sauri ake sa wa, ko da zanensa ya fi wuya.

Batirin litiyam kuma, yawancinsu ba a yarda a yi musu caji sama da digiri 45 ba. Wannan kaɗai ya isa ya sauya inda za ka ajiye batir a cikin akwati, ko ma irin batirin da za ka ɗauka.

Na sa kafasita mai maikurofarad 10 kamar yadda aka ce, amma wutar ba ta daidaita ba. Ina matsalar?

Wataƙila ba 10 ɗin kake samu ba. Ƙananan kafasitocin tangaran na ajin X5R da X7R suna rasa ƙarfinsu idan aka ɗora musu bolt. Ƙaramin mai maikurofarad 10 da aka rubuta wa bolt 6.3, in ka sa shi a layin bolt 5, yana iya zubar da rabin ƙarfinsa ko fiye, kuma iya ƙanƙantarsa iya munin abin. Wannan ba ya fitowa a shafin farko, sai ka nemi jadawalin da kamfanoni irin su Murata da TDK ke bayarwa a shafukansu. Magani shi ne ka ɗauki mai bolt ninki biyu na abin da zai gani, ko babban jiki. Ajin C0G ba ya yin haka, amma ƙananan ƙima kawai ake samu. Y5V kuwa an yarda masa ya faɗi har kashi 82 cikin ɗari saboda zafi ko sanyi, ni dai ban ga dalilin sa shi a sabon zane ba.

A ɗaya gefen, wasu tsofaffin regiletoci, ciki har da dangin 1117, an tsara su ne da kafasitan tantalam, kuma suna iya yin rawa idan aka ba su na tangaran zalla. Shi tantalam ɗin kansa a rabin bolt ɗinsa ake amfani da shi, domin idan ya lalace wuta yake kamawa.

An rubuta MOSFET ɗina yana buɗewa a bolt 2 zuwa 4. Me ya sa yake zafi da na tura shi da bolt 3.3?

MOSFET makunni ne na lantarki da bolt ke buɗewa, kuma wannan lambar ta inda ya fara ɗiga ce, ba inda ya buɗe gaba ɗaya ba. IRF540, IRFZ44N da IRF3205, waɗanda suka cika kasuwa saboda inbata, bolt 10 suke so a ƙofarsu. Duba layin da ya faɗi turjiyarsa yayin da yake buɗe, ka ga a bolt nawa aka auna. Idan babu layi na bolt ɗin da kake da shi, ba naka ba ne. IRLZ44N, mai harafin L, an yi shi ne don bolt 5. Harafi ɗaya ne tsakaninsa da IRFZ44N, kuma mai shago zai iya miƙo maka ɗayan da zuciya ɗaya.

Ta yaya zan san ba za a daina ƙera kayan ba bayan na gama zane?

Kowane kaya yana da matsayi a shafin kamfaninsa da na manyan dillalai. Akwai wanda ake ci gaba da yi. Akwai mai alamar NRND, wato har yanzu ana sayarwa amma kamfanin yana cewa kada a sa shi a sabon aiki. Akwai wanda aka buɗe wa odar ƙarshe, sai wanda aka binne. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin masu ƙera ayisi, ta tanadi wata 6 na yin odar ƙarshe da wata 12 na kammala turo kaya, amma sanarwar tana zuwa ne ga wanda ya yi rajista. Ƙaramin mai ƙira da ke saye ta hannun wani yakan ji labari ne ranar da ya koma saye.

Tsufan kaya ba shi ne ma'auni ba. Ayisin 555 tun 1972 yake kasuwa, kamfanoni da yawa suna yinsa. Z80 ya fito a 1976, sai a 2024 Zilog ta sanar da daina yin nau'insa na asali. Masu gajeren kwana su ne waɗanda aka yi don wayar hannu da kwamfutar hannu: sikirin, kyamara, ma'adanar bayanai. Da zarar wayar ta wuce yayi, su ma sun tafi. Wasu kamfanoni suna rubuta alkawari: STMicroelectronics tana da jerin kayan da ta ce za ta yi ta yi na shekara 10, NXP tana da na 10 da na 15. Ka duba ko naka yana cikin jerin, da kuma shekarar da aka fara ƙirgawa.

Me ƙarancin 2020 zuwa 2023 ya koya wa masu ƙira?

Ya nuna cewa kaya yana iya zama a raye a takarda amma babu shi a ko'ina. Annobar korona ta hargitsa oda, sai masifu suka biyo juna: gobara a masana'antar AKM da ke Nobeoka ta Japan a Oktoban 2020, tsananin sanyin da ya rufe masana'antun Samsung, NXP da Infineon a Austin ta jihar Texas a Fabrairun 2021, sai gobarar masana'antar Renesas ta Naka a watan Maris na shekarar. Lokacin jiran wasu maikurokontirola ya haura mako 52. Manyan kamfanonin motoci sun tsayar da aiki, kuma idan su aka sa su a layi, mai odar guda 500 ba sai an faɗa ba.

Waɗanda suka sha da sauƙi su ne masu ƙofa ta biyu. Ana gina ta ne tun a zane. Ka fifita kayan da kamfani fiye da ɗaya ke yi da tsarin ƙafafu iri ɗaya. Inda babu, ka zana gurbi biyu a allo ɗaya, wanda ya samu a liƙa shi. Ka zaɓi maikurokontirola daga dangi mai 'yan'uwa da yawa masu ƙafafu iri ɗaya. A manhajar ciki kuma ka ware sashen da ke magana da ƙarfe kai tsaye daga sashen da ke yin ainihin aikin, yadda in ta kama a yi ƙaura ba sai an rushe komai ba. Shafuka irin su Octopart suna nuna dillalai nawa ke da kayan da yawan da ke hannun kowa. Guda 300 a wurin dillali ɗaya tak alamar haɗari ce, komai kyan kayan.

Idan an ce wani kaya daidai yake da wani, in yarda?

Sai ka gwada. GD32F103 na GigaDevice yana zama a gurbin maikurokontirolar STM32F103 ƙafa da ƙafa, kuma ya ceci mutane da yawa a lokacin ƙaranci, amma saurinsa da wasu halayensa na ciki sun bambanta, manhajar da ta dogara da ƙirgen lokaci tana iya rikicewa. Ko a ƙananan kaya haka ne: tiransistocin BC547 da 2N3904 aikinsu ya yi kusa, jikinsu ɗaya, amma ƙafafunsu a juye suke. 7805 da 7905 ma jerin ƙafafunsu ba ɗaya ba ne. Madadi ba ya shiga jerin kayanka sai an liƙa shi a allo na gaske an gwada shi a zafi.

A ina zan saya, kuma yaya zan gane jabu?

Akwai dillalan da kamfanoni suka amince da su: DigiKey, Mouser, Farnell, RS, Arrow, Avnet. LCSC ta Shenzhen tana da arha, musamman a kayan kamfanonin Sin. Sai kasuwar kowa da kowa: Huaqiangbei a Shenzhen, shagunan intanet, Alaba a Legas, Sabon Gari a Kano. Don gwaji da gyara, kasuwa ta wadatar, kuma samun kaya a ranar da kake so ba ƙaramin abu ba ne. Don fitar da ɗaruruwa kuwa, matsalar ita ce ba a iya bin asalin kayan, sau da yawa shi mai shagon ma bai san hannu nawa suka bi ba.

Jabu bai bar kowa ba. Rahoton wani kwamitin majalisar dattawan Amurka na 2012 ya gano lamura kusan 1,800 da suka shafi kayan da ake zargi fiye da miliyan ɗaya a cikin kayan sojan ƙasar. A Oktoban 2014 kamfanin FTDI ya fitar da wata manhaja ta Windows da ta riƙa kashe jabun ayisinsa FT232 mai haɗa na'ura da USB, sai ga na'urorin mutanen da ba su ma san jabu suka saya ba sun daina aiki a hannun abokan cinikinsu. Kamfanin ya janye ta bayan an yi ca a kansa, amma mai ƙira ne ya sha kunyar.

Jabu iri-iri ne. Akwai tsohon da aka ciro daga mataccen allo aka wanke, akwai ƙarami da aka goge aka buga masa lambar babba, akwai wanda ya faɗi gwaji a masana'anta ya fito ta bayan gida. Ka ɗiga man goge jan farce a auduga ka murza bayan ayisin: idan baƙi ya biyo audugar, ko ka hango zanen yashi a ƙasa, an yi masa fenti. Ka duba ƙafafun da madubin ƙara girma, ko akwai ragowar tsohuwar dalma ko alamar an miƙe su. Ka duba ko lambar kwanan wata ta sha bamban a cikin nadi ɗaya. Regiletan LM2596 na gaske yana aiki ne a kilohaz 150, kuma an sha samun masu arha da ke yin kusan 50, alamar wani tsohon ayisi ne aka sauya wa suna. Batirin 18650 na ƙwarai bai cika wuce miliamfiya 3,500 ba, nauyinsa wajen giram 45. Wanda aka rubuta wa 9,900, ka ɗora shi a sikeli kawai.

Girman jiki da tsarin ƙafafu fa?

Ka tambayi wanda zai liƙa kafin ka zaɓa. Idan da hannu za a yi, razista da kafasita masu girman 0805 da 0603, da ayisi masu jikin SOIC da LQFP, mai kaifin ido zai iya. QFN yana da faranti a ƙarƙashinsa da bakin ƙarfen liƙi ba ya kai wa, sai da iska mai zafi ko tanda. BGA yana neman allo mai hawa da yawa da na'urar hoton ciki don a tabbatar ya kama. Ka kuma tuna da mai gyaran da zai buɗe na'urar bayan shekara biyu a garin da ba ka nan.

Idan masana'anta za ta liƙa, duba jerin kayan da take da su a ajiye. JLCPCB, alal misali, tana da kayan da kullum suke kan inji, da waɗanda ake biyan ƙarin kuɗi kafin a ɗora su. Wasu ayisi kuma suna shan danshi: masu alamar MSL 3 awa 168 kawai aka ba su bayan an buɗe ledarsu, in sun wuce sai an gasa su a hankali, in ba haka ba su tsage a tanda kamar gugguru. A cikin ledar akwai ɗan kati mai ɗigo-ɗigo da ke sauya launi idan danshi ya shiga. Da damina a kula da wannan. Da hunturu kuma abin tsoro shi ne tartsatsin da ke fita daga jikin mutum saboda bushewar iska, wanda ke kashe MOSFET ba tare da an ga alama ba.

Kafin ka tura zane bugu, ka buga shi a takarda daidai girmansa, ka ɗora kayan a kai.

Ba mafi arha ya kamata in ɗauka ba?

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba hujja ba ce. Abin lissafi shi ne kuɗin da'irar gaba ɗaya. Ayisi mai arha da ke buƙatar ƙarin kaya goma a gefensa ya fi mai tsadar da ke tsayawa shi kaɗai cin kuɗi. Ka duba farashi a yawan da za ka saya da gaske, ba a guda dubu goma ba, da mafi ƙarancin odar da ake karɓa, da kuɗin jirgi da na kwastan. Sai canji: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Wanda ya yanka wa abokin ciniki farashi a naira alhali jerin kayansa a dala yake ya ji a jikinsa. Mutanen Nijar suna da ɗan sauƙi idan da yuro suke saye, tunda sefa a ɗaure take da shi.

Zan sa modem ɗin SIM800L tunda kowa shi yake sa wa. Akwai matsala?

Biyu. Ta farko, 2G kaɗai yake ji. Singafo ta rufe 2G a 2017, AT&T ta Amurka ma haka, wasu ƙasashe suna bi. A yankinmu 2G tana nan, amma na'urar da kake so ta yi shekara goma, ko ka sayar a waje, ya kamata a bar mata hanyar komawa 4G. Ta biyu, yana fizgar har amfiya 2 a lokacin aika saƙo, kuma bolt 3.4 zuwa 4.4 yake so, wato ba 5 ba, ba 3.3 ba. Yawancin ƙorafin cewa yana kashe kansa daga wutar da ake ba shi ne.

Duk abin da ke watsa sigina yana buƙatar cika ƙa'idar hukuma: NCC a Najeriya, FCC a Amurka, alamar CE a Turai. Sayen modul da aka riga aka tantance yana rage wahala ƙwarai. A kula da zango kuma: LoRa, sadarwar rediyo mai cin dogon zango, ta Turai megahaz 868 ce, ta Amurka 915.

Wane girman ƙwaƙwalwa zan ɗauka?

Wanda zai bar maka sarari, domin manhaja ba ta raguwa. ATmega328P na Arduino Uno kilobayit 32 gare shi na ajiyar manhaja da 2 kacal na aiki, kuma sikirin ɗaya da modem sun isa su cinye su. Idan za a riƙa sabunta manhaja daga nesa, sau da yawa sai an sami wurin kwafi biyu.

Ma'adana kuma tana gajiya da rubutu. EEPROM, ma'adanar da ke riƙe bayani ko an ɗauke wuta, ta ATmega328P sau 100,000 aka lamunce mata. Mitar da ke rubuta adadi a gurbi ɗaya kowace daƙiƙa za ta cinye wannan cikin kwana biyu. Manya ma sun faɗa wannan rami: a 2021 Tesla ta janye motoci kusan 135,000 saboda ma'adanar gigabayit 8 da ke bayan sikirinsu ta ƙare da yawan rubutu.

Waɗanne ƙananan abubuwa aka fi mantawa da su?

Soket da kanekta, su ne hannu ke taɓawa kullum, su ne kuma ke fara lalacewa. USB-C yana son razista biyu masu kilo-om 5.1, kowace ƙafar CC (ƙafafu biyun da caja ke gane na'ura da su) da nata. Raspberry Pi 4 na farko a 2019 ya haɗa su a kan guda ɗaya, wasu wayoyin caji suka ƙi ba shi wuta, sai da aka gyara allon. Rile, makunnin da wuta ke kunnawa, da aka rubuta wa amfiya 10 a bolt 250 na wutar gida, a wutar batir iyakarsa bolt 30 ne ko ƙasa, kuma famfo yana fizgar ninkin wutarsa a lokacin tashi. Razista yana da iyakar bolt, ba ta wat kaɗai ba: ƙololuwar wutar gida mai bolt 230 tana kai wa 325, ƙaramin razista ɗaya ba zai ɗauka ba, sai an jera biyu ko uku. Duk abin da zai shiga soket a inda ake sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta yana buƙatar fiyus da baristo (varistor) mai shanye hauhawar bolt. Duk abin da za a haɗa da batir kuma, wata rana wani zai juya wayoyin.

Dole ne in bi dokar hana dalma?

Idan za ka sayar a Turai, dole. Dokar RoHS ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2006. Ko ba don haka ba, yawancin sababbin kaya marasa dalma ne. Abin lura shi ne abin liƙi mai dalma yana narkewa a digiri 183, marar dalma sai wajen 217, don haka soket ɗin roba da sauran kaya sai sun iya jure ƙarin zafin.

Yaya zan rubuta jerin kayan, kuma yaushe zan saya?

Da cikakkiyar lamba har harafin ƙarshe, da sunan kamfanin. Dubi STM32F103C8T6: C tana nufin ƙafa 48, 8 tana nufin kilobayit 64, T ita ce irin jikin, 6 ta ƙarshe kuma tana nufin iyakar digiri 85. Mai 7 a ƙarshe yana kai wa 105. Idan ka rubuta STM32F103 kawai, mai saye zai kawo wanda ya samu. A gefen kowane layi ka sa madadin da aka gwada, da dalilin zaɓen a taƙaice, don kada wani ya zo daga baya ya sauya kafasita mai digiri 105 da mai 85 yana ganin ya yi tsimi.

Sayen kuwa, kayan da ba su da madadi a saye su kafin a tura allo bugu, adadin da zai ishi zagayen farko da ɗan ƙari saboda waɗanda inji ke zubarwa da waɗanda za su ƙone a gwaji. A sake duba samuwar sauran jerin a ranar da za a tura zanen, domin abin da ka gani a shafin dillali wata uku da suka wuce wani ya riga ya kwashe.